Koke Kan Dazuzzukan da ke Kewaye da Yankari

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Alkaleri,
Ta hannun iyayenmu hakimai da dagatai,
Jihar Bauchi.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu manoma da makiyaya da masu zuma da mata masu daddawa da man kaɗe na ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin Yankari muke kawo kukanmu a kan dajin da ke wajen iyakar gandun, wanda muke ci daga cikinsa, wanda kuma yake ƙarewa a idonmu.

Shi Yankari yana da masu kula da shi. Tun 1956 aka keɓe shi, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Amma giwa da ɓauna da gwanki ba su san inda iyaka take ba, ƙudan zuma ma haka. Idan dajin waje ya zama fili, mai gatari da mai shanu da mafarauci ciki za su nufa, komai yawan masu gadi.

Gawayi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Da an fi saran kirya saboda ƙarfin wutarta. Da ta yi ƙaranci sai aka koma kan marke, yanzu har kaɗanya da ɗorawa da tsamiya ba su tsira ba, itatuwan da iyayenmu ba sa yarda a sa musu gatari ko a tsakiyar gona suke. Ɗorawa guda takan ba gida kalwa shekara da shekaru, matar gida ta yi daddawa ta kai kasuwa ta sai wa yara littafi. Yau a sare ta a turara, a sayar da 'yan buhuna, kuɗin ya ƙare kafin sati. Madobiya kuwa, wadda makiyaya ke sassaɓe ganyenta su ba shanu da rani, masu katako sun bi ta har lungu. Yawancin masu saran nan 'ya'yanmu ne, mun san talauci ne ya tura su. Dillalan da ke turo motoci ne ke kwashe ribar.

Burtali ma ya matse, inda shanu ke bi an nome shi. Giwaye kuma sukan fito lokacin kaka su tattake masara da dawa a dare ɗaya, kuma manomin da ya wayi gari da wannan asara ba zai saurari wa'azin kare namun daji ba.

Ranka ya daɗe, doka ta ba ku hannu a nan. Tsarin mulki na 1999 ya sa ƙaramar hukuma cikin masu raya noma da albarkatun ƙasa, dokar filaye ta 1978 ta ba ta ikon bayar da filin noma da na kiwo a karkara, sannan a 2024 Kotun Ƙoli ta ce kuɗin ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa musu kai tsaye.

Saboda haka muna roƙon majalisarku ta yi dokar da za ta hana saran kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da madobiya, a sa tara mai nauyi a kan mai motar da ya ɗauka, kada ta tsaya kan yaron da ya sara. A ba kowace gunduma kurminta, a kafa masa alama, a damƙa amanarsa ga mai unguwa da Arɗo da sarkin baka. A sake shata burtali a gaban manomi da makiyayi. In za a raba dashe, muna son irin itatuwanmu na gida, domin darbejiya kaɗai ba ta ba da kalwa, kuma a ware kuɗin ban ruwa na rani, wanda rashinsa ne ke kashe dashe. Ga ƙauyukan da giwa ke shiga, a taimaka da amya a gefen gonaki, tunda giwa na gudun zuma, a kuma nema wa waɗanda suka yi asara tallafi daga jiha.

Mun shirya ba da matasanmu su yi sintiri, da filin renon dashe. Muna roƙon ka kira mu zama tare da hakimai da jami'an gandun daji kafin a fara girbi.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora.

Mu ne naka,
Al'ummar ƙauyukan da ke kewaye da dajin Yankari.