A ba mu labarin kumbunan da suka fara leƙa Zara da Mars

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili domin in yi tsokaci kan wani tarihi da ba kasafai ake ba da shi da Hausa ba. Da zarar an tayar da zancen sararin samaniya, saukar ɗan Adam a wata a 1969 kawai ake ambata, alhali tun kafin nan kumbuna marasa matuƙi sun isa duniyoyin da ke maƙwabtaka da tamu.

Kwanan baya, bayan sallar magariba, na nuna wa ƴaƴana Zara matar wata daga tsakar gida, na ce musu duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, sai suka bushe da dariya. Ban ga laifinsu ba, tunda ba su taɓa jin cewa kumbon Amurka, Mariner 2, ya gifta ta kusa da ita a Disamban 1962 ba, ko kuma cewa Venera 7 na Tarayyar Sobiyet ya sauka a kanta a 1970, ya yi minti 23 yana aiko da saƙo cikin zafin da ya kai wajen digiri 475.

Amma labarin da na tabbata zai fi shiga ran mutumin Damagaram shi ne na 1971. Mun san yadda hazo kan turnuƙe garin nan da hunturu, har mai tsaye a Zango ya kasa hango duwatsun Birni. To, irin wannan ƙura, wadda ta lulluɓe duniyar Mars baki ɗaya, Mariner 9 ya tarar a watan Nuwamba. Da yake ana iya sauya masa umarni daga nan ƙasa, sai aka sa ya yi ta kewayawa har ƙurar ta lafa, daga bisani ya aiko da hotuna sama da 7,000. Su kuwa kumbunan Sobiyet biyu, an riga an tsara musu lokacin sauka, babu damar jira: na Mars 2 ya tarwatse, na Mars 3 ya sauka lafiya amma ya yi shiru cikin ƙasa da minti ɗaya da fara aiko da saƙo.

Ina fata za ku ware wa irin waɗannan labarai shafi, ko da sau ɗaya ne a wata, yadda mu malamai za mu riƙa karanta wa ɗalibai a aji.

Wassalam,
Wani malamin makaranta, Zinder