Kafin A Kai Ƙananan Yara Wuraren Wasa Lokacin Sallah

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin iyaye, musamman masu shirin kai yara Magic Land a Abuja, ko Gidan Zoo na Kano, ko Gamji a Kaduna. A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa cikin bazara, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a Arewa. Don haka a je da safe ko bayan La'asar. Da tsakar rana ƙarfen sulu da kujerun lilo suna ƙona fata. Uba ya fara ɗora tafin hannunsa kafin yaro ya zauna.

Abin da ya fi damuna shi ne roƙon mai kula da lilo ya bar ƙaramin yaro ya hau don ya daina kuka. Iyakar tsawon da ake rubutawa a ƙofa, santimita 90 ne ko 120, an sa ta ne saboda sandar da ke danne cinya. Idan yaro bai kai ba, sandar ba za ta riƙe shi ba, sai ya zame ta ƙarƙashi in injin ya ɗauki gudu. A auna kowane yaro a gida, a huta da rigima a layi. Kafin a tayar da inji, a girgiza sandar a tabbata ta kulle. Gyale, dogon hijabi da babbar rigar Sallah kuwa, a naɗe su ko a cire, domin tayar motar wasa ko sarƙa na iya janye su.

Gidan tsalle na roba da iskar fanka yake tsayawa. In janareta ya mutu, zai lafta kan yara, don haka kada babba ya yi nisa. A duba an ɗaure shi da turaku, kuma in iska ta taso a fito da yaran. Ɗan shekara 3 da ɗan shekara 10 ba sa tsalle tare.

Sai batun ɓacewa, wanda a cunkoson Sallah ba ya wuce ƙiftawar ido. A ɗauki hoton yaro cikin kayan da ya sa ranar, a rubuta lambar waya a saka masa a aljihu, a nuna masa wurin da zai tsaya in ya rasa kowa. Babba ɗaya kada ya wuce yara biyu.

A riƙe ruwa isasshe da fakitin ORS (garin gishiri da sukari), wanda akan narkar a ruwa lita ɗaya. Yaron da ya daina gumi, ya fara jiri ko amai, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki, a nufi asibiti. Abinci kuma sai an sauko daga lilo mai juyawa.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano