Ciko ko hular ƙarfe: haƙorin yaro ba na wasa ba ne

Malam Edita,

Iyaye da dama a Nima da Sabon Zango a nan Accra suna cewa haƙorin yaro ai zai faɗi, don me za a kashe masa kuɗi? Turamen baya ba sa faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12. In aka cire da wuri, na gefe su matso, sabon ya rasa wurin tsirowa.

Don haka gara a gyara haƙorin da ya ruɓe maimakon a cire. In ƙaramin rami ne a gefe ɗaya na haƙorin, ciko ya wadatar. Amma ramin da ya ci gefe biyu, ko aka yi aiki a jijiyar haƙorin, ciko kan ɓalle, musamman in yawu ya jiƙa wurin lokacin aikin, yaro kuwa ba ya zama shiru. Nan hular ƙarfe ta fi, tana rufe haƙorin duka har ya faɗi da kansa. Launinta na farin ƙarfe ne iyaye kan ƙi.

Daga wasu ma'aikatan haƙori, Accra