Ɗan Zariya da Ya Buga Hokin Ƙanƙara a Amurka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shafinku na wasanni kullum ƙwallon ƙafa ne, shi ya sa nake neman ɗan fili in yi maganar Rumun Ndur, wanda aka haifa a Zariya a 1975, ya tashi a jihar Ontario ta Kanada, ya zama haifaffen Najeriya na farko da ya buga gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, wasan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara.

Hanyar shiga wannan sana'a daban take da ta ƙwallo. Yaro kan fara sa takalmi mai wuƙa a ƙasa tun yana shekara huɗu ko biyar, domin wanda bai iya gudu da baya a kan ƙanƙara ba, ba zai taɓa tsaron baya ba. Wajen shekara 16 sai ya shiga gasar matasa. Ndur ya yi nasa a Guelph Storm. Yana kai 18 sai sunansa ya shiga zaɓen da ƙungiyoyi ke yi duk shekara, kowace ta ɗauki nata bi da bi. Buffalo Sabres ta ɗauke shi a 1994, shi ne na 69.

A nan mutane ke ruɗewa, su ɗauka an zaɓe ka ke nan ka isa. Ina! Ƙungiya 'yan wasa 23 take riƙewa, 20 ke sa riga ranar wasa, masu tsaron baya irin Ndur kuma shida ne yawanci. Wanda bai samu gurbi ba a tura shi ƙaramar gasa, AHL, kamar yadda aka tura Ndur Rochester. Kwantiragin matashi kuma baki biyu gare shi: albashi mai kauri idan yana sama, ɗan kaɗan idan an sauke shi. Bayan wasu shekaru, kafin a sauke mutum sai an ba sauran ƙungiyoyi awa 24, mai so ta ɗauke shi, ba a tambayar ra'ayinsa. Ndur ya bi ta New York Rangers, ya bi ta Atlanta Thrashers.

Aikin da aka ba shi ma na cin jiki ne: bangazar abokin hamayya da katangar fili, da dambe idan an taɓa gwanin ƙungiyarsu, wanda hukuncinsa zaman minti biyar ne a waje. Mai irin wannan aiki gwiwa da kafaɗa da kai ne ke fara ba shi matsala, kuma da sauƙi ake maye gurbinsa. Wasa 69 ya buga a NHL gaba ɗaya, alhali a lokacinsa kaka ɗaya wasa 82 ce. Daga baya ya koma Turai, har da ƙungiyoyin Ingila.

Don Allah a ba mu labarin irinsu, har da Akim Aliu haifaffen Okene, ko da sau ɗaya ne a wata.

Na gode, a huta lafiya.

Mai karanta jaridarku.