Ba tsawon rajista kaɗai ke kama kuskure ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta bayanin da kuka buga kan gwajin allunan lantarki da dabarar "sa hannu", inda ake zuba dubban bit (sifili ko ɗaya) a rajista, wato jerin ma'ajin bit, a raba su da wani polinomiyal, wato tsarin lissafin da ke nuna inda za a haɗa wayoyin rajistar, ragowar ta zama shaidar lafiyar allo. Marubucin ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Sai dai ya ce in rajistar ta yi tsawo, kowane polinomiyal ma ya wadatar. A nan ne na ja da shi.

Ina koyar da yara gyaran kayan lantarki a wani ƙauye kusa da Ringim. Da damina muka haɗa rajista mai bit 4, ƙananan fitilu huɗu da ƙofar XOR (mai ba da ɗaya in bit biyun da suka shiga sun bambanta), muna jan wuta daga batirin sola. Da muka bi tsarin x⁴+x+1, fitilun suka yi salo 15 kafin su koma farko. Wani yaro, Allah ya shirye shi, ya matsar da waya ɗaya tak, abin ya zama x⁴+x²+1. Ya ƙirga da yatsa ya ce, "Malam, shida ne fa." Ya yi zaton batir ne ya yi sanyi. Ba batir ba ne. Wannan polinomiyal ɗin yana rabuwa gida biyu, shi ya sa zagayensa ya gajarta. Bit biyu da suka lalace da tazarar 6 za su wuce salin-alin, sa hannu ya fito daidai alhali allon ba shi da lafiya. A tsarin farko sai tazarar ta kai 15.

Kamfanin Hewlett-Packard na Amurka, da ya fitar da na'urarsa ta 5004A a 1977, rajista mai bit 16 ya sa, da mahaɗa a matsayi na 7, 9, 12 da 16, zagayenta 65,535. Ana yawan cewa kuskure ɗaya cikin 65,536 ne kawai ke kuɓuce mata, amma wannan lissafi ya ɗauka kurakurai a warwatse suke zuwa. A allon gaske kuwa, ƙafar na'urar da ta tsinke kuskurenta maimaita kansa yake yi a kan tazara.

Ina roƙon ku ba marubucin fili ya dawo kan wannan gaɓar, don yarana sun yanke shafin sun liƙa a bangon shago.

Naku,
Mai karatu daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa