Wasiƙa daga Agege: yaranmu na son wasan harbi, ina filin?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan bani fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani abu da na gani a majalisarmu ta mai shayi nan Agege. Ranar Juma'a da daddare na tarar da samari sun haɗa kai akan waya ɗaya, na leƙa sai naga bidiyo ne na wani bature ɗan Amurka zaune a garejin gidansa da ɗan ma'auninsa da littafi a gefe, yana sake cika kwanson harsashin da ya riga ya harba wai gobe zai je fili gwada saiti. Sai ɗan ƙanina, yaron da ko ashirin bai cika ba, yace min Baffa ai wannan ba wuya, mu ma zamu iya. Wallahi gabana sai da ya faɗi.

Ni ɗan maharbi ne, a gaban bindigar toka na tashi kafin neman abinci ya kawo ni Ikko. Baba in zai taɓa albarushi korar mu yake daga ɗakin, ko fitilar ƙwai baya yarda a shigo da ita, in ya gama kuma ya rataye bindigar can sama inda hannun yaro baya kai. Duk da wannan kaffa-kaffa a gabana bindiga ta fashe a hannun abokin farautarsa, ashe wani ya riga ya ɗura ta shi bai sani ba ya ƙara wani ɗurin akai, yatsu biyu suka tafi, har yau ina tuna yadda Baba ya yage rawaninsa ya ɗaure masa hannu ana ta salati. Kuma fa mutum ne da ya shekara talatin yana shiga daji.

Abinda yaran nan basu gane ba, shi wancan baturen dokar ƙasarsa ta yarda mutum ya cika harsashi don amfanin kansa, kuma hodar da yake aiki da ita ba irin albarushin maharbanmu bace, ƙarfinta ya fi nesa ba kusa ba, shi yasa kake ganinsa da ma'auni kamar mai sayar da gwal. Mu kuwa dokar bindiga ta 1959 tana nan daram, ko harba-ruga sai da izinin kwamishinan 'yan sanda na jiha, bindigar farauta mai harsashi sai lasisin Sufeto Janar, manyan kuma sai shugaban ƙasa. Haɗa harsashi a ɗaki ba izini gidan yari ne kai tsaye. Aikin kamfani ne irin DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati dake Kaduna, da aka kafa tun 1964. Balle mu 'yan Arewa a Legas da dama ido na kanmu, a kama yaro ɗaya da kwanso a aljihu ai duk unguwa ce zata kwana a tsaye.

To amma ni ban ga laifin sha'awar ba, kuma anan nake so hukuma ta saurare ni. Harbi wasa ne, tun gasar Olamfik ta farko a Atina a 1896 yana ciki. Akwai wanda ake yi da bindigar iska, babu albarushi ko kaɗan, ɗan ƙaramin darma ne mai faɗin milimita 4.5, ka tsaya nisan mita 10 ka yi harbi 60, kuma tsakiyar abin baran ɗigo ne na rabin milimita, kamar ka ɗiga biro a takarda. Wanda bai iya riƙe numfashinsa ba, wanda zuciyarsa ke rawa, ba inda zashi. Ɗan Indiya Abhinav Bindra da wannan ya ciyo wa ƙasarsa zinare a Beijin a 2008. Su wa suka fi jikokin maharba da 'yan bindigar sarki na hawan sallah dacewa da irin wannan?

Muna da hukumar wasan harbi ta ƙasa, amma tambayi yaro a Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba ina ake zuwa a koya, sai dai ya kalle ka. Roƙona ga hukumar wasanni ta ƙasa da gwamnatin jihar Legas shine a ware ko da ɗaki ɗaya ne mai tsawo a babban filin wasa na Surulere, bindigogin iska su zauna a kulle a wajen, ba mai fita da su, a sa mai koyarwa, yaro ya zo da katin shaida da takardar mai unguwa ko Sarkin Hausawa ya biya ɗan abinda zai iya. Sarakunanmu na nan su ma don Allah su sa baki.

Shi dai ɗan ƙanin nawa na sa shi ya goge bidiyon, na kuma yi masa alkawari ranar da aka buɗe wajen ni zan biya masa kuɗin rajista, tun shekaranjiya yake tambayata Baffa an buɗe?

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas