Wasiƙa Zuwa Filadelfiya: Wace ce Ethel Waters?

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan Zariya lafiya lau, sai hunturu da ya shigo da ƙarfinsa, kowa leɓe a tsage. Amma ba zan yi maka kukan sanyi ba, kai da kake taka ƙanƙara zuwa wajen aiki.

Saƙonka ya iso. Ka ce kun bi ta garin Chester ka ga wani filin shaƙatawa da aka sa wa sunan Ethel Waters, ka tambayi abokin aikinka ko wace ce, ya ce maka ai wata tsohuwa ce da ta ƙare tana fitowa a 'yar aikin gidan Turawa a fim. Ka san ni da tsofaffin faya-fayai, shi ya sa ka jefo mini tambayar. To, mutumin naka bai yi ƙarya ba, sai dai daga wutsiya ya kamo labarin. Nemi wuri ka zauna, don wannan ba maganar waya ba ce.

A nan Chester ɗin aka haife ta, ranar 31 ga Oktoba 1896. Mahaifiyarta yarinya ce ƙarama da aka yi wa fyaɗe, don haka kakarta ce ta riƙe ta, ita kuma kakar aikatau take yi a gidajen fararen fata, ba kullum take kwana gida ba. Yarinya ta tashi a lungunan Filadelfiya, garin da kake zaune yanzu, yau tana wannan ɗakin haya gobe an kore su, tana yi wa mata masu zaman kansu aike, wani lokaci ta saci abin da za ta ci. Da bakinta ta faɗa a littafin tarihinta na 1951 cewa ita ba ta taɓa yin ƙuruciya ba. Tana shekara 13 aka yi mata aure, mijin ya zama mai duka, ta gudu. Ta samu aikin shara da gyaran gado a wani otal, dala 4.75 a mako. Ka riƙe wannan, don in an zo maganar fitowa a 'yar aiki, ita ba a littafi ta karanta aikin ba.

Waƙa kuwa kamar da wasa ta fara. Wani dare an yi bikin sa kayan ɓad-da-kama a wani gidan rawa da ke titin Juniper, aka matsa mata ta yi waƙa biyu, wasu dillalan wasa suka ji, suka ɗauke ta zuwa Baltimore a kan dala 10 a mako. Doguwa ce siririya a lokacin, har laƙabinta ma daga siririn koren wake aka samo shi. Kuɗin da 'yan kallo ke watsa mata a dandamali kuwa, dillalan ne ke kwashewa. Daga nan ta shiga yawon wasa a jihohin Kudu, inda baƙar fata ba shi da otal ɗin kwana, ba shi da ƙofar shiga sai ta baya. A Atlanta ta haɗu da Bessie Smith, sarauniyar buluz ta zamanin, wato salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka, wadda ta kafa sharaɗin cewa baƙuwar yarinyar ba za ta rera buluz a dandamali ɗaya da ita ba. Babba ba ya kishi da wanda bai tsorata shi ba.

Bambancinsu ma shi ne zancen. Bessie murya gare ta mai cika fili, tana buɗe baki na bayan ɗaki ya ji. Ethel ba ta da wannan. Abin da take da shi shi ne furuci: kowace kalma tana fita tsaf, kuma tana rera ta kamar da kai kaɗai take magana. Takan ja baya kaɗan ta bar kiɗa ya wuce ta, sannan ta cim masa, ta saki dariya a tsakiyar baiti, ta sauya murya ta zama wata mace daban. Da ta koma Harlem, unguwar baƙaƙen fata a birnin New York, wajen 1919 ta yi aiki a wani kulob na ƙarƙashin ƙasa, a 1921 kuma ta fara naɗar faifai da kamfanin Black Swan na Harry Pace, kamfanin baƙaƙen fata, Fletcher Henderson na kaɗa mata fiyano. A lokacin babu makirfo a ɗakin naɗa, cikin wani ƙaton mazurari ake rera waƙa, mai ƙaramar murya ya sha wuya. Da makirfo ya shigo a 1925, shekarar da ta koma kamfanin Columbia ta yi “Dinah”, sai zamani ya zo daidai da irin muryarta. Daga baya ta naɗi faifai da manyan makaɗan jaz, Duke Ellington da Benny Goodman. Ni a ganina yawancin matan da suka yi suna a waƙar jaz bayanta, farare da baƙaƙe, a rijiyarta suka sha, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba.

Shekarar da nake so ka tsaya a kanta ita ce 1933. A farkonta ta rera “Stormy Weather” a Cotton Club, gidan rawar nan na Harlem da baƙaƙe ke wasa, farare kaɗai ke kallo. Irving Berlin, shahararren marubucin waƙoƙi, ya ji ta a can, ya ɗauke ta zuwa wasansa na Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo a New York, mai suna As Thousands Cheer, ita kaɗai baƙar fata cikin manyan taurarin. An gina wasan ne a kan jarida: a nuna kanun labari, sai a yi raha ko rawa a kansa. Mutane sun sayi tikiti don su yi dariya, a tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya durƙusar da Amurka. Ana cikin haka sai a nuna wani kanu, cewa gungun mutane sun rataye wani baƙar fata da ba a san sunansa ba. Labule ya buɗe, ga mace cikin tsofaffin tufafi a wani ɗan ɗaki, tana shirin zuba abincin dare. Waƙar, “Supper Time”, ba ta ambaci igiya ba, ba ta ambaci bishiya ba, ba ta zagi kowa ba. Matar tunani kawai take yi: lokacin cin abinci ya yi, yara za su shigo su tambayi babansu, me za ta ce musu, kuma da wane baki za ta sa su yi godiya ga Allah kafin su ci.

Ka dubi wannan da kyau. Waɗanda ke zaune a kujerun nan sun saba karanta irin wannan labari a layi biyu a ƙasan shafi, su juya. Ita ta hana su juyawa, ba da ihu ba, da kwanukan abinci. Ta ce abin da ke ranta in tana rerawa shi ne Macon a jihar Jojiya, inda ta taɓa sauka ba da daɗewa da yin irin wannan kisan gilla ba, ta ga iyalin mamacin da idonta. Kuma wannan shekara shida ke nan kafin Billie Holiday ta yi tata waƙar a kan rataye baƙaƙe, wadda ita duniya ta fi sani. A cikin wasan dai, daren nan guda, Ethel za ta sake fitowa cikin ado tana kwaikwayon Josephine Baker, baƙar fatar Amurka da ta yi suna a rawa da waƙa a Faris, ɗaki ya ɓarke da dariya. Ana ba da labarin cewa a gwajin wasan, nan Filadelfiya, abokan aikinta farare sun ƙi fitowa su rusuna wa 'yan kallo tare da ita, Berlin ya ce to kowa ya haƙura da rusunawar, sai suka sauko. An yi wasan sau 400.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa mawaƙiya ce da ta koma wasan kwaikwayo da girma ya zo ba. Tun tana siririyarta wasan take yi, a cikin waƙa. Abin da ya canza a 1939 shi ne an cire kiɗan an bar ta da magana. A Mamba's Daughters ta fito a Hagar, wata ƙatuwar mace mara ilimi da ke yin kisa saboda 'yarta, ta ce mahaifiyarta take gani a matar. Babban mai sharhin jaridar New York Times bai yaba ba da farko, sai wasu manyan 'yan wasa suka haɗa kuɗi suka sayi fili a jaridar suna yabonta, ya koma ya sake kallo, ya sauya magana. A shekarar ce kuma tashar NBC ta ba ta shiri da sunanta, talabijin ɗin ma yana jariri.

Ba waliyyiya ba ce fa, kada ka ce na faɗa maka haka. Tana da zafin rai da baƙar magana, ga zargi, kowa a wurinta mai shirin cutarta ne. Wanda ya tashi yadda ta tashi ba a rasa shi da wannan, amma waɗanda suka sha zaginta ba su ci mata komai ba. A wajen ɗaukar fim ɗin Cabin in the Sky na 1943 ta saka Lena Horne a gaba, yarinya kyakkyawa mai tasowa, kusan yadda Bessie ta yi mata a Atlanta. Rigimar ta yi tsanani, kuma bayanta shekara shida ba ta sake fitowa a fim ba. Kuɗi ya tafi, hukumar haraji ta biyo ta, jiki ya yi nauyi, ta koma rera waƙa a ƙananan wurare.

Yanzu ga inda abokin aikinka ya tsinci labarin. A 1949 ta dawo a fim ɗin Pinky, a matsayin kaka mai wankau. Jikar tata, wadda a labarin baƙar fata ce mai hasken da har ake ɗaukarta Baturiya, farar fata aka ba ta fito, Jeanne Crain, don masu fim ba su shirya nuna baƙar mace tana soyayya da Bature ba. Da wannan fim aka sa Ethel cikin 'yan takarar Oscar, babbar lambar yabo ta fina-finan Amurka, baƙar fata ta biyu bayan Hattie McDaniel. A 1950 ta fito a wasan dandamali mai suna The Member of the Wedding na Carson McCullers, a matsayin Berenice, kukun wani gida a Kudu. Da farko ƙi ta yi, ta ce babu Allah a cikin matar da aka rubuta, sai da aka yarda ta sa waƙar coci da kakarta ke so. Kusan duk wasan a kicin ake yinsa, ita da yarinya 'yar shekara 12 da wani ɗan yaro. Akwai inda take ba yarinyar labarin mijinta na fari da ya rasu, da yadda bayansa ta yi ta auren banza: wani don babban yatsansa ya yi kama da na marigayin, wani don ta gan shi sanye da kwat ɗin marigayin da ta sayar. Na ga fim ɗin da aka yi a 1952. In ta fara wannan labari mantawa kake da cewa gidan na wasu ne, ita ce mai albashi. An yi wasan sau 501 a Broadway.

To, kuku ce, mai wanki ce, gaskiya ne. A shirin talabijin na Beulah ma 'yar aiki ta fito, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta soki shirin, ita ma ba ta daɗe ba ta bar shi. Ina fahimtar matasan baƙaƙen fata na shekarun 1960 da suka ga tsohuwa da ɗankwali da tsumman girki suka kau da kai. Suna neman a nuna su a likita da lauya, kuma suna da gaskiya. Amma laifin wa? Waɗanda ke rubuta labarin su ne ba su da wani gurbi ga baƙar mace mai shekara hamsin sai kicin. Abin da ya rage mata shi ne ta ƙi, ta zauna da yunwa, ko ta shiga kicin ɗin ta mai da matar mutum mai tarihi da miji da baƙin ciki. Kakarta ma ai 'yar aiki ce, kuma ba ta taɓa jin kunyarta ba. Ni dai da a ce ni ne kai, da na tambayi mutumin naka wace rawa ce aka miƙa mata ta sarauniya ta ce a'a.

Ƙarshenta ya ba mutane da yawa mamaki. A 1957 ta je taron wa'azin Billy Graham, shahararren mai bishara na Kirista, a Madison Square Garden da ke New York, ta shiga cikin mawaƙan cocin, daga nan kuma ta riƙa bin tawagarsa kusan har ƙarshen ranta. Wasu baƙaƙe sun ga ta yi nisa da gwagwarmayar neman 'yanci a daidai lokacin da ake tsakiyarta, kuma da ƙyar a ce ba su da hujja. Duk da haka a 1962 an sa ta takarar Emmy, lambar yabo ta talabijin, saboda fitowa ɗaya da ta yi a shirin Route 66, a matsayin tsohuwar mawaƙiya da ke son ganin makaɗanta kafin ta mutu. Ta rasu ranar 1 ga Satumba 1977 a Chatsworth, jihar Kalifoniya, tana da shekara 80.

In za ka nemi waƙoƙinta a YouTube, kada ka fara da na tsufa. Fara da na shekarun 1920, ka yi haƙuri da ƙarar faifan, kunne zai saba. Ka sa babbar 'yarka ta zauna ta ji tare da kai, tunda ka ce ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo a makaranta, sannan ka rubuto mini abin da ta ce, ba abin da kai ka ce ba.

Hajiya tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga hoton autan da ka yi alkawari ba. Mutanen majalisa duk suna tambayarka, an kuma ɗaga bikin ƙanena zuwa bayan Sallah, ko Allah zai sa ka samu hutu. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Wassalam.

Naka,
Abokinka na Zariya